Wai laifin me Farfesa Avi Loeb ya yi?

Ɗan Fagge: Salam jama'ar zaure. Ni dai yau raina a ɓace yake wlh kuma sai na faɗa ko da babu wanda zai tanka min. Tun watan Yuli nake bin labarin abin nan da ya shigo mana daga can wajen duniyoyin da ke zagaya ranarmu, wanda suka sa wa suna 3I/ATLAS, wata na'urar hangen nesa a ƙasar Chile ce ta fara hango shi ran 1 ga Yuli 2025, kuma shi ne na uku kacal da ɗan adam ya taɓa gani ya zo daga wajen wasu taurari. Babban malami guda, Farfesa Avi Loeb na Jami'ar Harvard, mutumin da ya riƙe sashen ilimin taurari na jami'ar tun 2011 har 2020, ya ce jama'a a tsaya a duba da kyau, ta yiwu abin nan ba dutse da ƙanƙara ba ne kawai, ta yiwu ƙirar wasu halittu ce. Ta yiwu ya ce fa, bai rantse ba. To tunda NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta fito ran 19 ga Nuwamba ta ce tauraro mai wutsiya ne shikenan bawan Allah ya zama abin dariya, kowa sai ya ɗora hotonsa a TikTok ya sa kiɗa, wanda ko Zara bai iya nuna maka a sama ba shi ma cewa yake tsoho ya zautu. Ni kaina da na ɗora maganar a WhatsApp sai da aka kira ni mai aljanu a teburin mai shayi. Abin da ya fi ƙona min rai, masu dariyar nan su ne wata biyu baya suke ta tura odiyo wai duniya za ta tashi a Nuwamba. Wai tambaya ta zama laifi ne? In babban malami irin wannan bai isa ya yi tambaya ba to waye ya isa?

Ustaz: Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge gyara kalamanka tukuna. Malami? Har da babba? Malami shi ne wanda ya san Allah ya san hukuncinsa, su ne magada annabawa. Mutumin da ko alwala bai sani ba ka ɗauki wannan suna ka liƙa masa don yana leƙen sama da madubi.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam ai ba fatawa na ce a je a nema wajensa ba, maganar taurari ake.

Ustaz: Ko maganar mece ce. Ka ce masani, ka ce farfesa, ka ce ɗan boko, duk na yarda. Malami dai a'a.

Malamin Kimiyya: Akaramakallah to mu da muke shiga aji da alli tun sassafe me za a kira mu? Yara Malam suke ce min, iyayensu ma haka, kai kanka jiya da muka haɗu a masallaci Malam ka ce min.

Ustaz: Kai Musulmi ne, kuma girmamawa ce irin ta al'ada. Daban.

Malamin Kimiyya: Akwai Kiristoci uku a makarantarmu, su ma Malam ake ce musu, ɗaya ma ya fi shekara ashirin yana koyar da 'ya'yan unguwar nan lissafi.

Na Maraɗi: Mu nan Nijar mun huta da wanga rigima, mai koyarwa a lakkwal mushe muke ce mai, malam kuwa na allo da littafi ne. Ku ce mushe Loeb kowa shi huta.

Baba Alhaji: Yara kuna ba ni mamaki. A zamaninmu akwai malamin gona, akwai malamin daji, akwai malamin asibiti, akwai malamin haraji wanda in ya shigo gari kowa cikinsa ya ɗuri ruwa, kuma manyan malaman da suka karantar da mu suna raye suna ji ba wanda ya taɓa cewa an rage musu daraja. Yaushe aka fara wannan?

Ustaz: Baba Allah ya ja kwana, a lokacinku ba a bin malamin gona a aƙida. Yanzu yaro zai ga bidiyo na minti ɗaya, an ce babban malami ya ce akwai wasu mutane a sama masu jirage, gobe ya zo yana ja da kai a kan Alƙur'ani. Abin da nake gudu kenan.

Injiniya: To Akaramakallah ayar nan ta 28 a Suratu Faɗir da ta ce malamai ne ke tsoron Allah daga cikin bayinsa, ka duba abin da ya gabace ta, maganar ruwan sama ce da 'ya'yan itace masu launi daban daban da duwatsu farare da jajaye da baƙaƙe da mutane da dabbobi. Ai wannan nazarin halitta ne. Kuma a Suratu Shura aya ta 29 Allah ya ce daga ayoyinsa akwai halittar sammai da ƙasa da abin da ya watsa a cikinsu na masu rai. A cikinsu, su biyun.

Ustaz: Injiniya kar ka fara mana tafsiri da waya a hannu. A gaban wa ka durƙusa ka karanta? Ayar ma da ka kawo hujjata ce, ta ce masu tsoron Allah, je ka tambayi mutumin naku ko ya yarda da lahira.

Shugaban zaure: Gsky ni ina bayan Ustaz a nan. Kalma tana da nauyi. A ci gaba amma banda zagi.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe ai kai alƙali ne bai kamata ka shiga fili ba. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa tambayata.

Maman Husna: Ni ku ƙyale ni da malami ko ba malami ba. Ɗan Fagge ƙanina kana ta tausayin farfesa, mu wa zai tausaya mana? A watan Oktoba 'yata ta dawo daga islamiyya tana kuka wai an ce wani jirgi ya ɓuya a bayan rana zai sauko ya kwashe mutane, yarinya ta ƙi cin abinci ta ƙi kwana ita kaɗai, a wajen aiki ma wata mai jego ta riƙe hannuna tana tambayata ko gaskiya ne jaririnta ba zai ga shekara ba. Shi yana can Amurka yana shiga gidan talabijin wannan ya fita ya shiga wancan yana cewa kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ba abin Allah da Annabi ba ne, kafin maganar ta iso nan an cire kashi an cire ta yiwu, saura firgici kawai. Mai ilimi ya kamata ya san inda maganarsa za ta faɗa.

Ɗan Fagge: Anti ai wannan laifin masu yanka bidiyo ne ba nasa ba. A takardar da ya rubuta da wasu mutum biyu a watan Yuli su da kansu suka ce abin da ya fi yiwuwa shi ne tauraro mai wutsiya ne na asali.

Maman Husna: A takarda ya faɗi haka, takardar da mutum nawa suka karanta? A talabijin me ya fi nanatawa?

Malamin Kimiyya: Hajiya ta taɓo wajen. Ɗan Fagge bari in ba ka amsa tunda kana cewa an ƙi ka. Ba wanda ya hana tambaya, neman halittu a wasu duniyoyi fanni ne da ake yi da kuɗi da manyan na'urori tun 1960, kuma cikin masu sukar Loeb da zafi akwai Jason Wright na Jami'ar Penn State wanda shi aikinsa kenan, neman alamar fasahar wasu halittu. Abin da ya ɓata wa abokan aikinsa rai shi ne wannan ne karo na uku. Na farko 2017, ran 19 ga Oktoba na'urar Pan-STARRS a Hawaii ta hango 'Oumuamua, baƙo na farko, kuma ya riga ya juya yana tafiya kafin a gan shi. Haskensa yana ƙaruwa yana raguwa har ninki goma, alamar dogo ne ko fai-fai yana wulwulawa, sannan aka ga ya ɗan ƙara gudu fiye da abin da jan rana kaɗai zai ba shi kuma ba a ga wutsiya ba. Wannan abin mamaki ne da gaske, kowa ya yarda. Sai Loeb da wani abokin aikinsa suka rubuta a 2018 cewa ta yiwu wani siririn faranti ne da bai kai kaurin milimita 1 ba wanda hasken rana ke turawa, ya zo ya rubuta littafi a kai a 2021. Wasu masana suka kawo bayanin ƙanƙarar naitirojin, wasu a 2023 suka kawo na iskar haidirojin da ke fita daga ƙanƙara ba tare da ƙura ba. An saurare shi da na'urar rediyo ta Green Bank a Disambar 2017 ba a ji komai ba. Kuma hoton nan na dogon baƙin dutse da ke yawo a waya zanen mai zane ne, ba wanda ya taɓa ganin abin sai ɗigon haske.

Injiniya: Malam ka faɗi gaskiya duka mana, su ma masu naitirojin da haidirojin ɗin hasashe suke, abin ya tafi ba mai sake ganinsa. Me ya sa hasashensu ya zama kimiyya nasa ya zama hauka? Kuma mu ma ai mun aika, kumbon Voyager 1 tun 1977 yake tafiya ya fita yankin iskar rana a 2012, in mu da muka fara jiya mun jefa ƙarfe waje me zai hana wasu. A 2020 ma wannan na'urar ta Hawaii ta hango wani abu aka yi masa rajista kamar dutse, daga baya aka gano ɓangaren roka ne da Amurka ta harba a 1966. Ashe ana iya ɗaukar ƙira a ce dutse ne.

Malamin Kimiyya: Ana iya wa, kuma waye ya gano roka ce? Su waɗannan masanan da kuke cewa sun toshe kunne, suka bi hanyarsa baya suka auna haskensa suka ga ƙarfe ne suka faɗa. Bambancin hasashen kuwa shi ne ƙanƙara da iskar gas mun san akwai su, mun auna su a taurari masu wutsiya da yawa. Bari in ƙarasa. Karo na biyu, wani dutse da ya ƙone a sama kusa da Papua New Guinea a Janairun 2014, Loeb ya ce daga waje ya zo, a 2023 ya ɗauki jirgin ruwa da kuɗin wani attajiri dala miliyan 1.5 suka ja maganaɗisu a ƙasan teku suka kwaso 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe, ya fara maganar ta yiwu ƙira ce. Wani masani ya ce sinadarinsu ya yi daidai da tokar kwal da masana'antu da jiragen ruwa ke zubarwa, sannan a Maris 2024 Benjamin Fernando na Jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa girgizar da na'urar tsibirin Manus ta ɗauka, wadda suka yi amfani da ita wajen zaɓen inda za su nema, ta fi kama da ta babbar mota da ta wuce a titin kusa da na'urar.

Injiniya: Loeb kuma bai yarda ba, ya ce bayanan sojan Amurka ya bi. Kuma rundunar sararin samaniyarsu ta rubuta takarda a 2022 ta ce lissafin gudun dutsen daidai ne.

Malamin Kimiyya: Gudu suka ce. Ba su ce jirgi ba.

Ɗan Fagge: Kun gani ko, aƙalla shi ya tashi ya shiga teku ya nema, sauran suna zaune a ofis suna jiran ya yi kuskure. Wannan shi ne malami na gaskiya.

Ustaz: Ka sake faɗa.

Ɗan Fagge: Na sake. Malami. Babban malami.

Ustaz: Shugaba ka gani da idonka, da gangan yake yi. Kuma tunda abin ya kai haka bari in faɗa, kun san ɗan ina ne mutumin nan? A Isra'ila aka haife shi, a can ya yi karatu har ya yi aikin soja. Shi kuke ɗaga wa tuta a wannan lokaci da muke ciki.

Injiniya: Yauwa, ashe nan ne gizo ke saƙar, ba kalma ba ce damuwar.

Malamin Kimiyya: Akaramakallah a nan kam ba na tare da kai duk da ni ma ina sukarsa. In lissafinsa ya karkace a lissafi za a kama shi, in ya miƙe ko ɗan ina ne ya miƙe. Masu sukarsa ma daga ko'ina suke, ba wanda ya kawo zancen garinsu.

Ustaz: Ku 'yan boko haka kuke, kullum a raba wannan da wancan. Ni ba na rabawa.

Maman Husna: Ni abin da na ji shi ne fanninsa ma ba taurari masu wutsiya ba ne, a kan taurarin farko da baƙin rami, wato wurin nan a sama da ko haske ba ya kuɓuce wa jansa, ya yi suna. Kamar likitan ido ne ya shigo ɗakin haihuwa yana gaya wa ungozoma ba ta san naƙuda ba, likita ne ba musu amma ba ɗakinsa ba ne.

Ɗan Fagge: Anti to ya batun siginar rediyo da aka ji daga jikin 3I/ATLAS? Na ga bidiyon da idona, kuma me ya sa NASA ta ɓoye hotuna sama da wata guda?

Malamin Kimiyya: Siginar nan na'urar MeerKAT ce ta Afirka ta Kudu ta kama a ƙarshen Oktoba, kuma ba saƙo ba ne, alamar wani sinadari ne da ke samuwa idan hasken rana ya farfasa tururin ruwa, wato hujja ce ma a kan ƙanƙara ce ke narkewa. Madubin Hubble da ke sararin samaniya ya ɗauki hotonsa da ƙura kewaye da shi tun Yuli, na'urar James Webb ta ga iskar kabon mai yawa tana fita. Hotunan da ka ce an ɓoye kuwa gwamnatin Amurka ce ta rufe ayyuka daga 1 ga Oktoba har 12 ga Nuwamba saboda rigimar kasafin kuɗi, ma'aikata suna gida, ana buɗewa da mako ɗaya suka fitar. Kuma ba NASA kaɗai ke da ido ba, Turawa suna da kumbo a Mars, Sin ma tana da shi, duk sun ɗauka, masu ƙananan na'urori a bayan gidajensu ma suna ɗauka.

Ɗan Fagge: Duk bakinsu ɗaya.

Malamin Kimiyya: Amurka da Sin bakinsu ɗaya? Haba ɗan'uwa. Ka duba yadda aka yi a 1967, wata ɗaliba a Cambridge, Jocelyn Bell, ta kama sigina mai bugawa daidai daidai duk daƙiƙa 1.3, har suka yi tunanin ko wasu halittu ne, amma ba su ruga gidan jarida ba, suka ci gaba da dubawa sai ga irinta daga wani ɓangaren sama daban, ashe wani sabon nau'in tauraro ne. A Ostareliya kuma na'urar Parkes ta yi shekaru tana kama wata baƙuwar sigina, sai a 2015 aka gano na'urar ɗumama abinci ce ta ma'aikata idan aka buɗe ta kafin ta tsaya. Shi ya sa ake cewa a bincika kafin a yi shela.

Baba Alhaji: Ni dai abin da na sani aljanu suna hawa sama su saci ji a jefe su da wuta, yana cikin Suratul Jinn. Ko ba su ne ake gani ba?

Ustaz: Baba wannan gaibu ne, ba a sa shi a madubi. Mu bar shi inda aka bar mana shi.

Bakatsine: Kuna ta zancen Chile da Hawaii, ku da abin ya faɗo a gidanku ba ku sani ba. Ran 3 ga Oktoba 1962 dutse mai kilo 18 ya faɗo a Zagami a ƙasar Katsina dab da wani manomi a gonarsa, kuma masana sun tabbatar daga duniyar Mars ya ɓallo. Duk duniya an san sunan Zagami a wannan fanni. Mu Katsinawa tun kafin a haifi yawancinku muka karɓi baƙo daga sama.

Malamin Kimiyya: Madalla da ka kawo wannan. Ɗan Fagge duba nan, dutsen Zagami daga Mars ya zo ran 3 ga Oktoba, shi kuma 3I/ATLAS ran 3 ga Oktoban 2025 ya wuce kusa da Mars, kuma a 1962 aka haifi Loeb. Duka gaskiya ne amma ba su nufin komai. Irin abin da Loeb yake yi kenan, ya ce hanyar 3I/ATLAS ta kusa daidaita da layin duniyoyi da digiri 5, ya ce ya bi ta kusa da Mars, ya ce ya zaga bayan rana lokacin da ba ma iya ganinsa, bayan abu ya faru in ka zauna neman dacewa sai ka samu.

Na Maraɗi: Kilo 18 har ka ke ɗaga murya? Namu da anka tsinta a jihar Agadas a Nuwamba 2023 ya hi kilo 24, shi ne dutsen Mars mahi girma da anka taɓa samu a duniya. Kuma ga abin haushi, ya bar ƙasar ba mu sani ba, sai ji munka yi an yi gwanjonsa a New York a watan Yulin 2025 dala miliyan 5.3. Wannan ita ce maganar da ya kamata zauren ga shi yi, ba wani mushe na Harvard ba.

Bakatsine: Naku tsinta aka yi a rairayi ba wanda ya san ranar da ya faɗo. Namu da shaida, mutum yana tsaye ya sauka.

Na Maraɗi: To naku yana ina yanzu? An yanyanka ana saida gutsattsari a ƙasashen Turawa.

Bakatsine: Ku da aka ɗauke naku ɗungurungum kuna barci, sai da aka buga ƙararrawar gwanjo kuka farka kuka ce za ku yi bincike.

Na Maraɗi: Aƙalla gwamnatinmu ta buɗe baki ta yi magana, kamfanin gwanjon ma sai da ya hito yana kare kansa yana cewa ya bi ƙa'ida. Ku wa ya taɓa tambaya? Ku dai kashe muna wuta kunka iya.

Bakatsine: Kar ka kawo zancen ECOWAS nan, ba mu muka yi juyin mulki ba, kuma mu na bakin iyaka mun fi kowa shan wahalar rufe boda.

Shugaban zaure: Siyasa a'a. Na Maraɗi, Bakatsine, na ja kunne.

Ɗan Fagge: Jama'a daga maganar farfesa mun koma rufe boda. Ni dai na ce mu jira 19 ga Disamba 2025 ranar da 3I/ATLAS zai fi kusanto mu, a nan za a san maci tuwo.

Malamin Kimiyya: Kusan da ake faɗa kilomita miliyan 270 ne, ya kusa ninka nisanmu da rana sau biyu. Hajiya ki gaya wa Husna ta kwanta ta yi barcinta.

Ustaz: Husna ta riƙe azkar ɗinta na safe da yamma ya fi mata lissafin kilomita.

Maman Husna: Tana yi Malam, ita ce ma mai tuna min. Amma yaro in ya tsorata yana son a gaya masa gaskiyar abin, ba a ce ya yi shiru ba kawai.

Injiniya: Ustaz har yanzu ba ka amsa wa Baba maganar malamin gona ba.

Ustaz: Na amsa, koma sama ka karanta.

Injiniya: Na karanta, kewayewa ka yi.

Shugaban zaure: To dare ya yi, bari in taƙaita don waɗanda ba su bi ba. Ɗan Fagge ya kawo labarin wani farfesa ɗan Isra'ila da ya ce jirgin wasu halittu na zuwa, Ustaz ya yi masa gyara mai kyau cewa ba kowa ake kira malami ba kuma galibin zaure sun gamsu da hakan, har ɗan'uwanmu na Nijar ya tabbatar su ma ba sa kiran ɗan boko malam. Shi kansa mai koyar da kimiyyar cikinmu ya nuna mana cewa mutanen nan ba su da tabbas a kan komai, yau su ce jirgi gobe su ce motar kaya ce jibi su ce tukunyar ɗumama abinci, don haka bai kamata a riƙa ɗaukar maganarsu da nauyi ba. Baba ya tunatar da mu batun aljanu, Allah ya saka. Sannan mun ƙaru da tarihin dutsen Zagami na jiharmu ta Katsina wanda ya shahara a duk duniya. Daga yau duk wanda zai kawo labarin sama ya fara turo min in duba.

Malamin Kimiyya: Ranka ya daɗe ban faɗi haka ba ko kusa. Cewa na yi su ne suka binciko motar da na'urar abincin da kansu, wannan shi ne ƙarfin aikin. Ka juya min magana gaba ɗaya. Kuma su waye galibin? Ni da Baba da Injiniya da Ɗan Fagge duk ba mu yarda ba, kai da Ustaz ne kawai.

Ɗan Fagge: Kuma bai ce jirgi na zuwa ba, ta yiwu ya ce, sau nawa zan faɗa.

Maman Husna: Ni ko sunana ban gani ba a ciki, ashe maganar yaran da aka firgita ba magana ba ce.

Shugaban zaure: Hajiya a yi haƙuri taƙaitawa ce ba a kawo komai da komai.

Na Maraɗi: Amma ta Katsina ta samu wuri. Shugaba ka gyara ka sa na Agadas, kilo 24 da ɗoriya, kuma ni ban tabbatar ma kowa komai ba, cewa na yi ku daina rigima.

Bakatsine: Kar ka gyara komai shugaba, daidai ka rubuta.